Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Mu da Motocinmu a Hanyar Batsari da Safana

Tun daga shekarar 1975, lokacin da ariyas ɗin Udoji ya shiga hannun ma'aikata, kamfanin Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, mota ta zama hatimin da ake buga wa ɗan boko don jama'a su shaida ya isa. Iyayenmu sun yi mafarkin 504, mu kuma muna mafarkin Corolla ko Golf, ko da ta hannu ce. Babu ɗalibin da ke zaune a ɗakin lacca wanda bai taɓa ƙiyasta ranar da zai kama aiki, ya sayi mota, ya doshi gida a fito ana taya shi murna ba. Wannan buri ba abin kunya ba ne. Abin da ya dame mu shi ne, ana koya mana yadda za mu sami abin sayen mota, amma babu mai koya mana yadda za mu riƙe ta. Ga wanda gidansu ke tsakiyar birni, wannan jahilci asarar kuɗi kurum yake jawowa. Ga mu kuwa da mahaifanmu ke Batsari, ko Ruma, ko Safana, ko Runka, yana iya zama sanadin rai.

Dalili kuwa a fili yake. Ƙananan hukumomin nan biyu suna bakin dajin Rugu, kowa kuma ya san abin da mutanensu suka gani cikin shekarun baya na satar shanu da garkuwa da mutane. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita gidajen man da za su yi ciniki a yankin. A watan Satumba aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka ɗauki watanni a haka. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, a 2025 kuma aka yi zaman sasanci a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da waɗannan biyu. Muna roƙon Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amma ko da hankali ya kwanta ɗungurungum, akwai ɗabi'u uku da shekarun tsoro suka dasa wa masu tuƙi a wannan yanki: gudu fiye da kima, ƙin tsayawa ga wanda ya sami matsala, da kuma sallama kome ga ƙaddara. Ra'ayinmu shi ne, a hanya irin tamu abin da ke tsare matafiyi shi ne motar da ba ta mutuwa a daji, da tashi da wuri. Gudu ba ya cikin lissafin.

Maganar gudu

Mu fara da hujjar direba, domin ba za mu yi masa ba'a ba. Yana cewa, in na sassauta a wuri kaza an tare ni, gara in taka in wuce. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Batsari zuwa Jibiya da yamma, zuciyarsa na dukan uku-uku, ya san wannan tsoro gaskiya ne. To amma mu ɗalibai ne, bari mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Tafiyar kilomita 50 a kan gudun kilomita 80 cikin sa'a tana cin minti 37 da rabi. A kan gudun 120 tana cin minti 25. Watau duk ribar da mai gudun ya samu minti 12 da rabi ce. Me ya biya a kanta? Motar da ke gudun 120 tana shafe mita 33 a kowace daƙiƙa. Kafin idon direba ya ga rami, ƙwaƙwalwarsa ta yanke shawara, ƙafarsa ta kai ga birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, ya riga ya ci mita 50 bai rage kome ba. Sa'an nan ƙarfin karo ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: karon da aka yi a kan 120 ya fi na 80 sau biyu da kwata. Da dare kuwa ƙaramar fitila ba ta haska nisan da mai wannan gudu ke bukata don ya tsaya, sai ya zama yana tuƙi cikin abin da bai gani ba.

Hanyoyinmu kuma ba na mota kaɗai ba ne. Akwai amalanken shanu da ba shi da fitila, akwai jaki da kaya, akwai babur ɗauke da mutum uku da buhun rogo, akwai yara masu kora tumaki, ga kuma gefen kwalta da ruwa ya cinye. Dokar hanya ta ƙasa ta ba ƙaramar mota iyakar kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Babu tagwayen hanya tsakanin Dutsinma da Safana. Mai gudun 120 a can ya guje wa mutumin da wataƙila yana cikin daji, wataƙila ba ya nan, ya rungumi ramin da tabbas yana nan. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Maganin tsoron yamma shi ne a tashi da hantsi, a tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin a ɗauke ta, a sanar da na gida lokacin tashi da lokacin da ake sa ran isa. In la'asar ta yi sakaliya ba a gama abin da ake yi ba, a kwana. Ba mu taɓa jin wanda kwanan hanya a gidan ɗan'uwa ya kashe ba.

Mu ƙara da ɗamarar kujera. Tun 1 ga Janairun 2003 doka ta wajabta ɗaura bel a Nijeriya, amma har yau wasu na rataya shi a kafaɗa in sun hango jami'i, su sake shi in sun wuce, sai ka ce don jami'in aka yi shi. Wanda bai ɗaura bel ba, in mota ta tsaya farat ɗaya jikinsa ba ya tsayawa, ci gaba yake yi da gudun da motar take yi har ya sami abin da zai tare shi, ko gilashi ko sitiyari. Haka kuma waya: wanda ya sunkuya daƙiƙa uku yana karanta saƙo a kan gudun 80 ya yi tafiyar mita 66 ido rufe.

Motar da ba ta mutuwa

Mota ba ta mutuwa haka kawai. Kusan kullum sai ta yi ta ba da sanarwa, da ƙara, da wari, da ɗigo a ƙasa, da jar fitila a gaban direba, mai ita yana cewa sai an yi albashi. Ga abubuwan da kowane mai mota ya kamata ya duba da hannunsa, ko da digirinsa uku, ba tare da ya jira makaniki ba.

Na farko taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu, domin roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Tayar gwanjo da ake kawowa daga Turai, wadda wani ya gama yayinta, wata ma don ƙasar ƙanƙara aka yi ta, ita ce muke ɗorawa a kwaltar watan Afrilu da ke gasa tafin ƙafa. Araha ba ta ado. A auna iska da safe kafin taya ta ɗauki zafi, da ma'auni, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, domin bugun taya da ƙafa ba awo ba ne. Tayar da iskarta ta yi kaɗan ita ce ta fi saurin zafi da fashewa. A duba safaya ita ma, da jak, da sifanar kwance taya. Mutane nawa ne suka buɗe but a daji suka tarar safayarsu ta fi wadda ta fashe lalacewa? In kuwa taya ta fashe ana cikin tafiya, kada a danna birki. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur, a bar motar ta rage gudu da kanta, kana a gangara gefe.

Na biyu ruwa da mai. A zaro sandar awon baƙin mai mota na tsaye a wuri mai daidai, inji a kashe, a ga ko man ya kai alama, a ga kuma launinsa. A yi juye a kan lokaci, tare da sauya matatar mai, domin kuɗin galan ɗaya na baƙin mai ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin injin da ya buga. A duba ruwan lagireto da safe. In allura ta hau ja ana tafiya, a tsaya a kashe inji, kada kuma a kuskura a buɗe murfin lagireto yana da zafi, don ruwan da ke ciki ya wuce tafasa, zai yi tsartuwa ya saɓule fuska. A jira ya huce. A duba man birki. In yana raguwa, akwai inda yake zuba, wannan motar kuwa ba ta hawa hanya sai an gano wurin. A taɓa fambel a ga ko ya tsattsage ko ya yi sako-sako. A ajiye wani a but, ba shi da nauyi, ba shi da tsada, amma tsinkewarsa tana iya tsayar da mota cik.

Na uku, a lura da yanayin ƙasarmu. Littafin da ya zo da mota an rubuta shi ne da tunanin hanyar Japan ko Jamus. Mu kuwa muna da hunturu, ƙura tana toshe matatar iska cikin makonni kaɗan, mota ta riƙa shan mai tana kasala; a ciro ta a kakkaɓe, in ta ƙi a sauya. Da bazara zafi yana cin batir da roba. Da damina a gyara waifa da fitilu tun kafin ruwan farko. In aka iske ruwa yana gudu a kan hanya ko ya shafe ƙaramar gada, a dakata. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, ba a kuma san ko ya haƙe ƙasan kwaltar ba. Ruwan kwari ba ya daɗewa, sa'a ɗaya ko biyu ya janye. Sannan kada a shiga hanyar daji da mai ƙasa da rabin tanki. Mutanen yankinmu sun ga zamanin da ake yin tafiya mai nisa ba a sami gidan mai a buɗe ba.

Mun san amsar da za a ba mu: ina kuɗin? Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tashin gwauron zabi, ƙaramin ma'aikaci yana fama da abinci, balle taya sabuwa. Gaskiya ne. Amma yawancin abin da muka lissafa ba ya cin ko kwabo, minti goma ne da safe da tsumma a hannu. Wanda kuwa ke cin kuɗi, sai a auna shi da abin da ke ɗaya gefen sikeli: kuɗin asibiti, ko kuɗin fansa, ko marayu. Wanda ba shi da halin sayen taya, yana da halin ajiye motar ya shiga ta haya, ko su haɗu su huɗu 'yan gari ɗaya su tafi a mota ɗaya mai lafiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Girman da ake nema a idon mutanen gari da isowa cikin mota bai kai a sayar da rai a kansa ba.

In ta mutu duk da haka

Mota aikin ɗan'adam ce, wata rana za ta tsaya ko an kula da ita. Abin da aka yi cikin minti biyar na farko shi ke raba ƙaramar matsala da babbar musiba. Da zarar an ji ta fara shiƙa, a yi amfani da sauran gudun da ya rage a fitar da ita daga kwalta gaba ɗaya, in da hali kusa da gari ko shingen jami'an tsaro, nesa da kwana da bayan tudu. A kunna fitilun gargaɗi. A fitar da fasinja ta ƙofar da ba ta kallon hanya, su koma can gefe. Kada kowa ya zauna a ciki, kada kowa ya tsaya a gaba ko a baya. A ajiye alamar nan mai kusurwa uku aƙalla taku hamsin a bayan mota. Ganyen da muka saba karyowa muna zubawa ya fi babu da rana, amma da dare ba ya ƙyalli, wanda kuma ya jera duwatsu a kan hanya ya tafi ya bar su ya haƙa wa na bayansa kabari. In za a ɗaga mota da jak, a ja birkin hannu, a sa dutse a tare taya, kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashinta alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.

Akwai kuma hukuncin da ke da wuya ga mai sabuwar mota. In rana ta kusa faɗuwa, wurin kuma ba amintacce ba ne, gyaran bai samu ba, a kulle ta a bi motar farko da aka yarda da ita zuwa gari mafi kusa, a sanar da 'yan sanda ko mai gari, a dawo da safe. Ƙarfe ne, ana sayen wani. Ya kamata kowace mota ta kasance da tocila, da jarkar ruwa, da abin kashe gobara, da akwatin taimakon gaggawa, da igiyar ja mai ƙarfi, da wayoyin tayar da batir, da lambar makaniki da ta shugaban tasha a rubuce a takarda, domin waya tana mutuwa, layi kuma yana ɗaukewa.

Jan mota shi ma ilimi ne, ba ɗaura igiya kurum ba. Sau da yawa muna ganin an ɗaure mota da igiyar rijiya a jikin bamba, mai ja yana gudu kamar babu kome a bayansa. A ɗaura igiya a ƙugiyar da maƙera suka tanada, gaba da baya, tsawonta kamar mita huɗu, a rataya jan ƙyalle a tsakiya don kada mai babur ya ratsa. Sandar ƙarfe ta fi igiya, in an same ta. Wanda ake ja ya murɗa makulli don kada sitiyari ya kulle, ya fitar da giya, ya kuma san cewa in inji ba ya aiki, bayan taku biyu ko uku birki zai yi tauri, sitiyari zai yi nauyi, sai ya sa ƙarfi ninki. Aikinsa shi ne ya riƙe igiyar a miƙe kullum, domin igiyar da ta saki ta sake fizga ita ke tsinkewa. Dokar hanya ba ta yarda ko janwe na gaske ya wuce kilomita 45 cikin sa'a ba in yana ja. Mai ja da igiya kuwa ya kamata ya yi ƙasa da haka sosai. Kada a bar fasinja cikin motar da ake ja. Motar da birkinta ya lalace ba a ja ta da igiya ko kaɗan. Mota mai giya otomatik kuwa, irin wadda yawancin matasa ke saye yanzu, jan ta mai nisa tayoyinta na ƙasa yana ƙona giyar, domin famfon da ke zagaya da mai a cikinta ba ya aiki sai inji na tashe. Ita sai a ɗora ta a kan babbar mota. Kafin a ɗaura kome, a yi ciniki a fili gaban shaida: nawa ne, kuma zuwa wane gareji.

Haƙƙin wanda ya faɗi

Ɗabi'ar da ta fi ba mu baƙin ciki cikin ukun nan ita ce ta wucewa. A da, in mota ta tsaya a hanyar Katsina zuwa Batsari, ba ta minti goma sai wani ya tsaya ya ce, Malam, lafiya? Shekarun tsoro sun koya wa mutane su kau da kai, don ana gudun kada abin ya zama tarko. Ba mu ce kowa ya jefa kansa cikin halaka ba. Amma tsakanin tsayawa da wucewa akwai hanya ta uku. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ya tsaya ba, ya lura da wurin da irin motar, ya kai labari ga shingen jami'an tsaro na gaba, ko ofishin 'yan sanda, ko tashar mota, ya kuma buga 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112, lambar gaggawa ta ƙasa. Wannan bai fi ƙarfin kowa ba. Wanda ya wuce bai gaya wa kowa ba, ya tuna gobe shi ne a gefen hanya.

Wanda kuma ya tsaya, ya san abin da zai yi. A fara tsare wurin don kada wata mota ta afka wa masu ceto, a kashe injin motar da ta yi haɗari, a hana shan taba. Kada a fizgo mai rauni ta hannu ko ta ƙafa sai in wuta ake gudu, domin wanda wuyansa ko gadon bayansa ya karye, ɗaukar ganganci tana iya shanye masa jiki har abada. A tallafe kai da wuya su zauna a miƙe da jiki. Inda jini ke zuba a danna da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannawa. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa ruwa ko madara a baki, kamar yadda tausayi ke sa mutane yi, don zai shaƙe shi. Masu tsoron kai mutum asibiti kada a riƙe su, su sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowace cibiyar lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta a karɓi ko mai raunin harsashi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Masu ciro waya suna ɗaukar hoton gawa da masu rauni don su watsa, muna tambayarsu: in mahaifiyarku ce fa?

In tankar mai ce ta faɗi, taimako ɗaya ne, a gudu a kuma kori jama'a. A daren 15 ga Oktoban 2024 mutum fiye da 150 suka ƙone a Majiya ta Jihar Jigawa, yawancinsu sun je kwasar fetur. Ranar 18 ga Janairun 2025 irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, fiye da mutum 80 suka tafi. Tururin fetur ke kamawa, tun kafin wuta ta taɓa ruwan man, tartsatsi ɗaya kuma ya isa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙaddara da sakaci

Duk lokacin da aka yi haɗari, sai mu ji an ce kwana ne ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, babu mai ja. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa dogara ga Allah tana tafiya ne tare da riƙon sababi, wanda kuma ya ɗauki rayukan mutane a mota ya ɗauki amana. Mutumin da ya san birkinsa na zuba, ya san tayarsa ta shuɗe, ya loda mutum tara a motar mutum biyar, sa'an nan ya rubuta addu'a a bayan gilashi, bai yi tawakkali ba, ganganci ya yi da sunan addini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, haɗarin mota kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Watau tsararmu ke nan. Ƙasashen da suka rage wannan adadi ba su fi mu tsawon kwana a rubuce ba. Bel suka ɗaura, gudu suka rage, motocinsu suka duba. Ko a nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988, wadda Farfesa Wole Soyinka ya fara shugabanta, ta samo asali ne daga malamin jami'ar da ya gaji da binne ɗalibai da abokan aiki da hanya ta cinye. Ashe ke nan maganar hanya ta daɗe da zama maganar 'yan jami'a.

Saboda haka muna kira. Ga majalisun ƙananan hukumomin Batsari da Safana, muna roƙon kowace ta tanadi janwe ɗaya da motar ɗaukar marasa lafiya ɗaya masu aiki, da lambar da kowa ya sani, domin motar da ta kwana a kan kwalta tarko ce ga mai zuwa. Ga Hukumar Kiyaye Haɗurra da hukumar KASSAROTA ta jiha, muna so mu gan su a tashoshi ranar kasuwa da ma'aunin iska a hannu, suna koya wa direbobi karanta shekarun taya, kafin su kai ga rubuta tara. Ga ƙungiyar direbobi, wadda ta fi kowa sanin hanya, ta hana motar da ba ta da safaya yin lodi, ta kuma sa ƙa'idar lokacin tashin motar ƙarshe. Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, wadda ke kashe kuɗi a kan bukukuwa, ta ware yini ɗaya a kowane zango ta gayyato makaniki da mai faci da ma'aikacin jinya, su koya mana sauya taya, da awon mai, da tsayar da jini. Kada girman kai ya hana mu zama gaban wanda bai yi boko ba mu ɗauki karatu. A gefen hanya shi ne farfesa.

Ga 'yan'uwanmu kuwa da suka riga mu kama aiki, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na gona da aka tura Batsari da Safana, masu bin hanyar nan kowace Litinin da Juma'a, muna cewa: jihar nan ta kashe dukiya kafin ta same ku, iyayenku sun sayar da amfanin gona kafin ku kai inda kuke, ƙauyukanmu kuma ba su da ku da yawa. Ku duba motocinku tun daren tafiya, ku tashi da wuri, ku ɗaura bel, ku bar mai gaggawa ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.